Kujerun bashi sun lalace kafin a gama biya

Ka tambaye ni batun yayarka da ta ɗauki saitin kujeru bashi, tana biya wata-wata. Ka ce ko rabin kuɗin ba ta kai ba kujera mai zaman mutum uku ta fara girgiɗi, soson ya lotsa, ƙafa ɗaya ta saki, shi kuma mai shagon ya ce kayan da suka fita ba sa dawowa, ta kawo masa cikon kuɗinsa kawai. Kana so ka san ko tana da bakin magana tunda ana bin ta, ko kuma ta tsayar da biya har sai an gyara.

Tana da bakin magana, ɗana. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma bai rage wa mai saye haƙƙinsa ko ƙwayar zarra ba. Ciniki ya faɗa tun ranar da aka yi sallama, biya ne kawai aka jinkirta. Ka lura ma, yawanci farashin bashi ya fi na kuɗi hannu, wato wanda ya ɗauka bashi ya sayi kayan da tsada fiye da wanda ya biya nan take. To don me za a ba shi mafi lalacewa, ya kuma yi shiru? Abin da ke rufe bakin mutane kunya ce. Suna ganin an yi musu alfarma, sai su kasa cewa kayan ba su da kyau. Wasu masu shago sun san da wannan kunyar, da ita suke cin abinci.

Sai dai ba kowace kujera da ta karye ce laifin wanda ya yi ta ba. Duk rigimar nan a kan tambaya ɗaya take tsayawa: aibin nan yana jikin kayan tun ranar da aka kawo su, ko a hannun mai saye ya faru? Lauya ba zai iya amsa wannan ba, alƙali ma sai ya nemi wanda ya san katako. Kai mai aikin katako, kai ne za a nema wata rana, don haka buɗe kunnenka.

In ka je, kada ka tsaya kallon yadi. Kifa kujerar, ka ɓalle baƙin ƙyallen da ake rufe ƙasanta da shi, ka haska ciki. Fara da mahaɗa. In ka ga katako biyu an gwama su baki da baki an buga ƙusa, babu ramin da aka fafe aka zura bakin ɗayan ya zauna daram, babu ɗan guntun katakon da ake karawa a kusurwa, to wannan kujera tun a shago aka yanke mata kwana. Inda gam ya saki, duba fuskokin biyu. Haɗin da aka yi da kyau in aka ɓalle shi da ƙarfi, katakon ne yake yagewa, za ka ga zare-zarensa manne a ɗaya gefen. In ka tarar da fuskokin sumul, ko alamar gam ɗin ma da ƙyar ake gani, ai an yi rowar gam ne ko ba a matse shi ya kama ba.

Daga nan ka koma kan katakon kansa, domin mafi yawan kujerun da ke girgiɗi bayan 'yan watanni ɗanyen katako ne ya kashe su. Itacen da aka sare yana cike da ruwa. Yana ta bushewa bai canja girma ba har danshinsa ya sauko wajen kashi 30 cikin ɗari, daga nan ne yake fara tsukewa, kuma ta faɗi da kauri yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya motsi. Katakon kayan ɗaki ana so ya sauko wajen kashi 8 zuwa 12, gwargwadon iskar inda za a ajiye shi. In a iska za a busar da shi, tsofaffin masu aiki suna lissafa shekara guda ga kowane inci na kauri. Wanda ke gaggawar fitar da kaya ba zai jira wannan ba. Zai haɗa da ɗanye, ranar kai kaya komai tsaf, fenti yana ƙyalli. Katakon ya ci gaba da bushewa a ɗakin mai saye, ramin ƙusa ya buɗe, mahaɗa ta yi sako-sako, allo ya murɗe. Za ka gane shi da layin fari a bakin mahaɗa, inda katakon da fenti bai taɓa ba ya leƙo saboda ɗan'uwansa ya ja baya. Babu zaman da ke jawo wannan, ko ƙato nawa ne suka hau kai.

Karaya ma tana magana. Katakon da aka karya da nauyi ko faɗuwa yana tsagewa da dogayen tsinke, cikinsa sabo fes. Wanda ya karye a gurbin reshe gajeriyar karaya yake yi, kuma wanda ya sa irin wannan katako a ƙafar kujera ya san abin da ya yi. Mafi muni shi ne ka buɗe tsaga ka ga cikinta ya yi duhu, da dusar katako da gam a cushe, fenti ya bi ta kai. Wannan an gani, an rufe. Ba kuskuren aiki ba ne kuma, algus ne.

In ka ga garin katako mai laushi yana zubowa daga 'yan ramuka kamar na allura, ƙwaro ne, kuma tsutsarsa tana yin watanni, wani lokaci fiye da shekara, tana ci a ciki kafin ta huda ta fito. Ramukan da suka bayyana ba da jimawa da saye ba, ƙwaron da ya huda su da katakon ya zo. Gara kuwa daban ce, daga ƙasa take hawowa da hanyarta ta laka, kuma sau da yawa matsalar gidan ce. Haka allon MDF (garin katako da aka matse da gam) ko na dusar katako da ya kumbura ta ƙasa: ruwa ya sha, ka tambaya ko ana jiƙa ɗakin wajen goge-goge. Amma in an sayar mata da shi da sunan katako zalla, to ko bai kumbura ba an riga an ci amanarta, domin ba abin da aka siffanta mata aka ba ta ba.

Soso ba shi da wuyar ganewa. Nagartarsa a nauyinsa take, ba a taurinsa ranar farko ba. Na mazauni ana so ya kai wajen kilo 30 a kowace mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi. Mai sauƙin nauyi yana iya yin tauri a shago, ya mutu cikin 'yan watanni. Kowane soso yana ɗan laushi da amfani, wannan ba aibi ba ne. Amma wanda ka zauna ka ji katako a ƙarƙashinka shekara ba ta zagayo ba, wannan ba shi da uzuri.

Yanzu ga abin da doka ta ce. Kowace ƙasa da tata, amma gindin ɗaya ne: kaya su yi ingancin da mai hankali zai sa rai da shi a wannan farashi, su yi aikin da aka saye su dominsa, su dace da yadda aka siffanta su. A Ingila dokar 2015 ta ba mai saye kwana 30 ya mayar da kaya masu aibi ya karɓi kuɗinsa cif. Bayan nan yana da gyara ko musanya, in gyaran bai yi ba ya nemi ragi ko ya mayar. A cikin wata 6 na farko ana ɗauka aibin da kayan ya zo, mai sayarwa ne zai kawo hujjar akasin haka. Ƙasashen Tarayyar Turai suna ba da aƙalla shekara 2. Dokar Afirka ta Kudu ta 2008 ta ba da wata 6, ta Najeriya ta 2018 ta ba da wata 3 na mayar da kaya a kan kuɗin mai sayarwa. A irin waɗannan dokoki, takardar da aka manna a bango cewa ba a dawo da kaya ba ta goge haƙƙin wanda aka sayar wa mai aibi. Tana iya aiki a kan wanda ya kai gida ya ga launin bai yi masa ba. Garantin da mai shago ke bayarwa kuma ƙari ne a kan wannan haƙƙi, ƙarewarsa ba ta kashe shi.

Malaman fiƙihu sun daɗe da shimfiɗa wannan a babin ciniki. Wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da ya riga ciniki, wanda ba a nuna masa ba kuma yana rage ƙimar abin, yana da zaɓi ya riƙe ko ya mayar. In ya gani ya ci gaba da amfani kamar ya yarda, zaɓin yana iya faɗuwa. Ka ga ke nan jinkiri yana cutar da mai saye ta kowace fuska.

Sai batun tsayar da biya, kuma a nan nake so ta yi hankali. Ta fara ɗauko takardar da ta sa wa hannu ta ga wa ke bin ta. In mai shagon ne da kansa, abin da sauƙi, mutum ɗaya ne ya sayar kuma yake karɓa, ana iya zama a cire kuɗin gyara ko ragin aibi daga abin da ya rage. In kuwa irin yarjejeniyar nan ce ta haya da niyyar mallaka, kayan ba nata ba ne sai ta biya kashin ƙarshe, kuma in ta daina biya ta buɗe musu ƙofar zuwa kwashewa. Wasu ƙasashe sun taƙaita wannan, a Ingila in mai saye ya biya kashi ɗaya cikin uku ba a ɗaukar kayan sai da umarnin kotu, amma ba ko'ina ake da irin wannan kariya ba.

Wanda ya fi rikitarwa shi ne in banki ko kamfanin ba da lamuni ne ya biya mai shagon. Shi ya riga ya karɓi kuɗinsa ya shafa wa idonsa toka, masu lamuni kuma su ce su kuɗi suka ba da, ba su san kujera ba. Wannan wasan ne ya sa wasu ƙasashe suka ɗaure su tare. Dokar lamuni ta Ingila ta 1974, sashe na 75, ta ce in da katin bashi ko lamunin da aka haɗa da cinikin aka sayi abin da farashinsa ya haura fam 100 bai wuce fam 30,000 ba, mai saye yana iya bin mai lamunin kamar yadda zai bi mai shagon. A Amurka tun 1976 akwai ƙa'idar da ta ce duk wanda takardar bashin ta koma hannunsa ya gaji ƙorafin da mai saye ke da shi a kan mai sayarwa. Inda babu irin wannan, in ta tsayar da biya haka kawai, tara za ta hau, sunanta ya shiga jerin masu taurin bashi, ta tashi daga wadda aka cuta ta koma wadda ake ƙara.

Shawarata ita ce kada ta daina biya a ɓoye. Ta rubuta wa mai shagon yau, ko saƙon waya ne, ta faɗi ranar saye, abin da ya lalace, da abin da take nema, ta sa masa wa'adi. In akwai masu lamuni, su ma ta tura musu. Ta ɗauki hotuna, ta adana rasit da shaidar kowane biya. In za ta biya na wannan watan, ta rubuta cewa ta biya ne ba don ta yarda da kayan ba. In ya ƙi, sai hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasar, ko ƙaramar kotun da ke jin irin waɗannan ƙararraki. Masu shago da yawa daga ganin rubutu da hoto suke saukowa, domin sun san me ke cikin kujerar.

Kai kuma na san hannunka yana ƙaiƙayi ka je ka gyara wa yayarka. Kada ka buga ko ƙusa ɗaya. Da zarar ka taɓa, mai shagon ya sami mafita, zai ce yaronku ne ya ɓata. Ka duba, ka ɗauki hoto, ka mayar da ƙyallen yadda yake. In ya turo a gyara, ka tsaya a wurin ka ga irin gyaran. Ƙara ƙusa a kan ɗanyen katako ba gyara ba ne, wata biyu za ta sake sakin jiki. In firam ɗin ne ya lalace, ta nemi musanya ko a warware cinikin gaba ɗaya: a ɗauki kaya, a dawo mata da abin da ta biya har da kafin alƙalami, a soke sauran bashin a rubuce. Ta yiwu a cire wani abu na amfanin da ta yi in an daɗe, wannan ba zalunci ba ne muddin ba a wuce kima ba.

In an ce ka rubuta abin da ka gani, rubuta shi kaɗai. Kada ka ce mutumin macuci ne, ka ce mahaɗa kaza ƙusa biyu ce ba gam, tsaga kaza an cushe ta da dusa an shafa fenti, soso kaurin kaza ya koma kaza. In ka tarar yara ne suka mai da hannun kujerar wurin tsalle har ya tsage, shi ma ka rubuta, ko da yayarka za ta yi fushi da kai. Ka ɗauki na'urar auna danshi da ke cikin akwatina, ka auna a wurin da fenti bai rufe ba, ka rubuta lambar da ranar da ka auna.