Hukuncin gudun lamba 4 da neman lamba 8

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina saro kayan waya daga Guangzhou ta ƙasar Sin. Abokin cinikina na can ya ce in canja layina saboda akwai 4 har sau uku a ciki, in nemi mai 8 da yawa, wai Sinawa za su fi sakin jiki da ni. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya sa wa kasuwa albarka.

Asalin wannan abu furuci ne. A Sinanci huɗu "si" ce, mutuwa ma "si" ce, karin sauti kaɗai ya raba su. Shi ya sa a wasu benayensu za ka shiga lif ka ga daga 3 an tsallaka zuwa 5. Takwas kuwa "ba" ce, ta yi kusa da "fa", wato bunƙasar arziki, har bikin buɗe gasar Olamfik ta Beijing sai da aka sa shi ranar 8 ga watan 8, 2008, da ƙarfe 8 na dare. Turawa kuma 13 suke tsoro, otal-otal da dama a Amurka daga hawa na 12 sai na 14. A Italiya 17 ce abar gudu. To lambar da sharrinta ke canjawa idan an tsallaka iyaka, wane sharri gare ta? Mu a wajenmu huɗu ita ce raka'o'in azahar.

Sunan wannan a shari'a "ɗiyara", wato camfi. Larabawan jahiliyya sukan kori tsuntsu kafin tafiya, in ya yi hagu su fasa. Manzon Allah (SAW) ya kore wannan camfi a hadisin Bukhari da Muslim, ya kuma kira shi shirka a ruwayar Abu Dawud da Tirmizi daga Ibn Mas'ud. Malamai sun rarrabe: wanda ya ƙudurce lambar ce da kanta ke cutarwa ko amfanarwa ya faɗa babbar shirka, wanda ya ɗauke ta sababi kawai, alhali Allah bai sanya ta sababi ba, ƙaramar shirka ce.

Wani zai ce ai Annabi yana son "fa'ali". Haka ne, amma fa'ali kyakkyawar kalma ce da mutum ya ji ba tare da ya nema ba, ta ƙara masa kyautata zato ga Allah, kamar ranar sulhun Hudaibiyya da Suhailu bin Amr, wanda sunansa ke ɗauke da ma'anar sauƙi, ya zo, Annabi ya ce al'amarinku ya yi sauƙi. Ba a sayen ta da kuɗi.

Game da layinka, sai ka duba zuciyarka. In kana jin 4 za ta jawo maka asara, canjawar haramun ce, ka bar layinka yadda yake. In kuwa zuciyarka wasai take, ka ga dai abokan ciniki na ƙin ajiye lambar, babu laifi ka riƙe wani layin don su, kamar yadda kake zaɓen launin kwalin da mai saye ke so. Sharaɗi biyu: kada ka nuna musu ka gaskata camfin, kada kuma ka zuba kuɗi mai yawa a lamba, wannan almubazzaranci ne.

In wani abu ya ɗarsu a ranka, ka ci gaba da harkarka, ka karanta addu'ar da Imam Ahmad ya ruwaito: "Allahumma la khaira illa khairuka, wa la ɗaira illa ɗairuka, wa la ilaha gairuka."

Wallahu a'alam.