Ga ɗan'uwanmu mai Tungsten E da batir ya cinye masa komai

Sannu ɗan'uwa, Allah Ya mayar maka da alheri. Ka ce Tungsten E ɗinka, 'yar kwamfutar aljihu ta kamfanin Palm, ta kwana biyu babu caji, da ka jona ta sai ta tashi fayau babu lamba ko ɗaya. Ka sayo kati mai giga 8 don ka riƙa ajiye kwafin kayanka, ita kuma ta ƙi ganinsa, ga HotSync, mai kwafe bayanan na'urar zuwa kwamfuta, ya ƙi aiki a sabuwar kwamfutarka. Na san wannan ciwon, duk wanda ya riƙe tsohuwar Palm ya san shi.

Abin da ya fi zafi shi ne lokacin da allo ya haska, ya nuna maka ɗan giciyen nan yana cewa ka taɓa tsakiyarsa da alƙalami, kamar ranar da aka fito da ita daga kwali. Tun a nan gabanka zai faɗi. Duk da haka sai ka daure ka buɗe Contacts, ka ga fili. Ka buɗe Memos, fili. Ka rufe ka sake buɗewa ko Allah zai sa. Ka tsikari ramin riset na baya, ka koma ka duba, har yanzu babu. Sai daga baya abubuwa su riƙa faɗo maka ɗaya bayan ɗaya: lissafin wanda kake bi da wanda ke binka, lambar wani dattijo da ba ka da hanyar sake samu, ranakun ganin likita, rubutun da ka yi shekaru kana tarawa. Kuma babu wanda za ka kai wa ƙara. Kada ka zargi kanka da sakaci, haka aka ƙera ta. Komai naka yana zaune ne a RAM, ma'ajiyar cikin na'urar, mai mega 32, wadda kusan 28 ne kawai naka, kuma batir ne ke riƙe da ita dare da rana ko na'urar tana kashe. Idan ta mutu don ƙarancin caji, sauran ɗan abin da ya rage a sabon batir yakan riƙe bayanai wajen mako guda. Batirin da ya tsufa ba ya kai ko kusa da haka, kuma wannan na'ura tun 2003 ta fito. Sai a ƙarshen 2004, da na'urorin Palm T5 da Treo 650, sannan E2 da TX a 2005, aka koma ma'ajiyar NVFS wadda ba ta mantuwa idan wuta ta ɗauke.

Katinka kuwa ba lalacewa ya yi ba. Kati mai giga 8 SDHC ne, nau'in SD da ya zo daga baya, kuma Tungsten E ba ta jin yarensa. SD na asali take so, mai tsarin FAT16. Ka nemi mai mega 512 ko giga 1. Mai giga 2 yakan yi a wata na'urar ya ƙi a wata, ni ba zan ba ka shawarar ɗora rayuwarka a kansa ba. Wani zai ce maka akwai PowerSDHC da ke sa wasu na'urorin Palm su karanta manyan katuna. Gaskiya ne, amma ka yi tunani: ita kanta manhajar a RAM take zaune. Ranar da batir ya sake mutuwa tare za su tafi, sai ga kwafinka lafiya lau a cikin katin da na'urar ba ta iya buɗewa. Katin ajiya dole ya zama wanda take karantawa tana tsirara, babu ƙarin komai.

Sannan don Allah ka kula da inda za ka saya. Ƙananan katunan nan sun yi wuya yanzu, shi ya sa marasa tsoron Allah suka samu ƙofa. Mutum zai ɗauko katin da ainihinsa ɗan mitsitsi ne, a gyara shi ya riƙa nuna girman da ba shi da shi, a manna masa takarda mai sheƙi, ya miƙo maka yana rantsuwa. Mugun abin shi ne katin ba ya nuna alamar komai. Za ka yi ajiya, manhaja ta ce an gama, sunayen fayiloli su fito reras, har girmansu daidai. Sai ranar da kake kuka kana neman mayarwa ka tarar cikinsu babu komai, ko sabon rubutu ya hau kan tsoho ya murƙushe shi. Mai sayarwa ya ci 'yar ribarsa ya manta da kai tuntuni. Wallahi wannan ya fi mutuwar batir ciwo, don batir bai yi maka alkawarin ƙarya ba. Haka wasu masu gyara, ka kai musu don madanni ɗaya ya maƙale, kafin ka zauna sun cire batir ko sun yi babban riset mai goge komai, ba tambaya ba gargaɗi, su ce ai dama sai an wanke ta. Kafin ka yarda da kowane kati, ka sa shi a kad rida, abin karanta kati a kwamfuta, ka gwada shi da manhajar H2testw, kyauta ce, tana cika katin da rubutu har ƙarshe ta sake karantawa. Idan ta nuna kuskure ko kaɗan ne, jefar da shi.

Idan katin ya ci jarrabawa, fomat ɗinsa a cikin Palm za ka yi, ba a kwamfuta ba: Card Info, ka buɗe menu, Format Card. Kwamfuta tana iya mayar da shi FAT32 ka dawo gidan jiya. Ka duba ɗan makullin da ke gefen katin bai sauka zuwa Lock ba.

Tunda HotSync ba ya yi, ta kad rida za ka shigar da manhajar ajiya. A kan katin ka tabbata akwai folda PALM, a cikinta akwai Launcher, nan za ka jefa fayil ɗin manhajar mai ƙarewa da .prc. Abin da ke cikin wannan folda kaɗai ne ke fitowa a jerin manhajoji idan ka soka kati. Wannan kwafin ya zauna a nan har abada, kada ka goge shi, don shi ne zai tashe ka ranar da na'ura ta zama fanko. Sai ka yi wani kwafin zuwa cikin na'urar ta menu na App, Copy, saboda ajiya mai lokaci ba ta tashi da kanta sai manhajar tana ciki. A kan na'urarka, manhajojin ajiya BackupBuddyVFS, BackupMan, Resco Backup ko RFBackup duk suna yi. NVBackup da mutane ke yawan yabo tana da kyau ƙwarai, amma ta masu NVFS ce, ba taka ba ce.

Kada wannan Copy ɗin ya ruɗe ka. Mutane da yawa sun kwafe manhajojinsu zuwa kati da shi suna zaton sun yi ajiya, alhali manhaja kawai yake ɗauka, ba ya taɓa bayananka. Lambobinka suna cikin ContactsDB-PAdd, kalanda a CalendarDB-PDat, rubuce-rubuce a MemosDB-PMem, ayyuka a TasksDB-PTod. Ka sa FileZ, manhajar duba fayiloli, ita ma a Launcher, bayan kowace ajiya ta farko ka leƙa ka ga waɗannan huɗun sun sauka a kati da girman da ya yi daidai da na cikin na'ura. Ka haɗa da Saved Preferences da Unsaved Preferences. Sunan HotSync ɗinka yana cikin na biyun, kuma lambobin rajistar manhajojin da ka saya da wannan sunan aka ɗaure su, harafi da harafi. Ka rubuta sunan da lambobin a takarda, don yawancin kamfanonin da suka sayar da su ba su nan balle su sake aiko maka.

Kwafi ɗaya ba ajiya ba ce. Ko RAM ɗinka ta cika maƙil mega 28 ce, kati mai giga 1 zai ɗauki cikakken kwafi sama da 30. Saita ta ta riƙe aƙalla 7, tana yi kowane dare tana goge mafi tsufa. Dalili shi ne fayil yakan lalace shiru, ka yi kwanaki ba ka lura ba, idan kwafi ɗaya kake da shi to lalataccen ya riga ya hau kan mai kyau. Kuma kada ajiya ta kama batir yana ƙasa. Rubutu a kati yana jan wuta, idan ta mutu ana tsakiyar rubutu tsarin katin kansa yana iya rikicewa. A wajenmu da wuta ke zuwa ta tafi, ka zaɓi lokacin da ka san takan kasance da caji, ba lallai tsakar dare ba.

Ranar mayarwa ita ce ranar da hannu ke rawa, a nan ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Maɓallin Backup da na Restore suna kusa da juna, taɓawa ɗaya ta kuskure sai fankon na'ura ya hau kan ajiyarka. Saboda haka kafin komai, cire katin ka kwafe foldar PALM gaba ɗaya zuwa kwamfuta. Sannan ka cika caji, ka gyara kwanan wata da agogo tukuna, in ba haka ba tunatarwar kalanda za su rikice, sai ka buɗe manhajar daga kati ka danna Restore, ka bar ta ta yi ƙaramin riset a ƙarshe. Idan bayan mayarwa ta kama tashi tana mutuwa a kan tambarin Palm, riƙe madannin sama ka tsikari riset, za ta tashi ba tare da ƙarin manhajoji sun motsa ba, sai ka goge wadda ka sa ta ƙarshe. Idan kuwa wata rana ka koma E2 ko TX, kada ka juye mata cikakken kwafin E. Fayilolin nan huɗu kawai za ka ɗauka, sauran ka girka sabo.

Batirin ma ka canza shi, tunda ya yi maka sau ɗaya zai sake. Da zarar an zare wayarsa komai zai goge, don haka ajiya biyu da kwafi a kwamfuta kafin a kwance ko noti ɗaya, kuma katin ya kasance a aljihunka, ba a cikin na'urar ba. Ka duba tsohuwar kwamfutarka ma in tana nan: a foldar Palm, ƙarƙashin sunanka, HotSync na ƙarshe da ka yi yana iya kasancewa kwance, da lambobinka a ciki. Kada ka bari kowa ya yi mata fomat kafin ka kwaso wannan folda. Idan ka samo ƙaramin katin, ka faɗa mana abin da Card Info ta nuna.