Amsa: RNA mai zobe da kitsen jini a jijiyoyin ido

Ɗan'uwa, ka tambaya ko RNA mai zobe (RNA sinadari ne da ke kwafo saƙon ƙwayoyin gado a cikin ƙwayar halitta) na da hannu wajen lalata jijiyoyin jinin ido idan kolestarol, wato kitsen jini, ya yi yawa. Akwai alamar haka, sai dai yawancin binciken bai wuce ɗakin gwaji da ɓeraye ba.

Bakinsa biyu a haɗe suke, shi ya sa sinadaran da ke narkar da RNA ba sa samun wurin kama shi, sai ya daɗe cikin ƙwayar halitta. Aikinsa da aka fi sani shi ne tsotse ƙananan RNA masu danne wasu ƙwayoyin gado. A 2017 an nuna wani RNA mai zobe da ake kira circHIPK3 yana ƙaruwa a idon masu ciwon suga, ya riƙe ƙaramin RNA mai suna miR-30a, sinadarin VEGF-C mai sa jijiyoyi tsiro ya yi yawa, jijiyoyi su fara yoyo. Gurɓataccen kitse ma yana kumbura bangon jijiya, dalilin zargin RNA masu zobe ke nan a wannan matsalar. Ba duka ne miyagu ba fa, wani mai suna circANRIL kariya yake yi daga toshewar jijiya.

Asibiti ba sa gwada RNA mai zobe tukuna. Ka je a duba bayan idonka, a auna kitsen jininka, likita ya ga ko kana buƙatar statin, maganin rage kitsen jini.