Dalilin ƙurar da The Da Vinci Code ya tayar

Malam, ka tambayi abin da ya sa fim ɗin nan, The Da Vinci Code, ya harzuƙa mutane har a ƙasashen Musulmi, alhali da cocin Katolika yake.

Tushen rigimar littafin Dan Brown ne na 2003, wanda ya ce wai Annabi Isa (AS) ya auri Maryamu Magadaliya, sun haihu, coci ta ɓoye zancen. Da darakta Ron Howard ya mai da shi fim a 2006, sai maganar ta kai kunnen waɗanda ba su taɓa buɗe littafin ba. Ƙungiyar Opus Dei ta 'yan Katolika, wadda aka nuna wani mambanta yana kisa a fim ɗin, ta roƙi kamfanin Sony da ya fitar da shi ya sanar a farkon fim cewa ƙagaggen labari ne, ba a yi ba. Pakistan da Masar suka haramta shi, kuma na fahimce su: Isa (AS) mu ma annabinmu ne.

Masu sharhi a bikin fina-finai na Cannes da ke Faransa sun kushe shi, amma jama'a suka yi tururuwa, ya tara sama da dala miliyan 750. Ni abin da ya fi damuna shi ne 'yan kallon da suka ɗauki labarin tamkar tarihi, suna kafa hujja da shi.