Amsa ga mai son gyara gidan gado a cikin birni

Wa alaikumus salam. Malam, kai da ka ce gidan mahaifinku na ƙasa ne a cikin birni, kuna son tayil da banɗaki na zamani da wuta a kowane ɗaki, amma ba ku so a taɓa zaure da zanen ƙofar gida: abin yana yiwuwa, mun yi a namu gidan ta wajen Ƙofar Doka a Zariya. Roƙona ɗaya ne tun farko, kada ka yarda a yi wa bangon ƙasa filasta da siminti.

Birkila zai ce maka siminti ya fi ƙarfi, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai tubali yana shan danshi da damina, ya fitar da shi da rani. Da zarar an lulluɓe shi da siminti, danshin ya rasa mafita, sai ya zauna ciki yana cin birjin, wato ƙasar ginin, a hankali. Daga waje bango sumul, amma in ka ƙwanƙwasa da bayan yatsa sai ka ji yana amsawa kamar ganga. Ranar da filastar za ta ɓalle, tare da naman ginin take zubowa. Ka zaga lungunan birni a watan Agusta, za ka ga irin wannan da idonka.

Abin da ƙasa ke so shi ne yaɓe da ƙasa 'yar uwarta, a bi da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Masu yin laso, wato yaɓen da ake haɗawa da katsin marina da gashin akuya, sun yi ƙaranci sosai, amma ka tambayi tsofaffin maginan unguwarku, su suka san wanda ya rage. E, za ka riƙa sabunta yaɓen lokaci-lokaci. Wannan kuɗin bai kai na tayar da bangon da ya rushe ba.

Sai rufi. Ka sa a hau soro a duba azara ɗaya bayan ɗaya. Azarar giginya gara ba ta cika damunta ba, ruwan da ke kwanciya a sama shi ne ke ruɓar da bakinta inda ta shiga bango. Mu abin da muka yi, mun bar rufin ƙasar yadda yake, muka ɗora kwano a samansa, muka ɓoye shi a bayan rawanin ginin. Daga titi zankwaye kake gani, a ciki kuma ɗaurin guga, wato rufin ƙasa mai siffar ƙubba, na nan. Dabarar ba sabuwa ba ce: Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarim, sabon gini aka yi ya lulluɓe shi a shekarun 1970, aka bar bakan gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufin, a ciki. Don Allah kada ka rufe ɗaurin guga da silin. Ka shafa masa farar ƙasa, ka sa fitila mai haska sama, baƙi ma su riƙa ɗaga kai.

Banɗaki da kicin, a nan ne ake yawan kashe gida. Kada bututun ruwa ya bi ta cikin bangon ƙasa ko da taku ɗaya ne, ɗigo kaɗan ya isa. Ka gina su daban da bulo a gefen tsakar gida, da nasu harsashin, ka haɗa su da ɗaki ta 'yar baranda, ramin salga kuma ya yi nesa da tsohon gini. A can ka sa tayil yadda ranka ke so. A tsoffin ɗakuna kuwa, in ka shimfiɗa tayil har jikin bango, danshin ƙasa bangon zai koma ya hau. Ka duba titin ƙofar gidanku ma. Wurare da yawa hanya ta fi gida tudu yanzu, sai an gyara magudana, an tsawaita indararo don ruwa ya faɗi nesa da gindin bango.

Wayar lantarki a bi da ita ta bututun roba a saman bango, ba sai an sassaƙa ba. Taga kuma kada a faɗaɗa ta sosai. Kaurin bangon da ƙanƙantar tagogin su ne ke sa ɗaki sanyi a watan Afrilu ko babu wuta.

Zanen ƙofar gida, kafin kowa ya taɓa shi ka ɗauki hotonsa kusa-kusa, musamman dagin, don mai gyara ya bi sawun na asali. Aikin kuma ka bari sai ruwa ya ɗauke, wajen Nuwamba, yaɓe ya samu ya bushe sosai. Kafin ka sayi ko buhun siminti ɗaya, ka kawo tsohon magini ya zaga gidan tare da kai.