Malamin da ke duba min furojet ya matsa min, me doka ta ce?

Assalamu alaikum Barista. Dan Allah a sakaya sunana. Ni ɗaliba ce a wata jami'a nan Kano, aji huɗu nake. Malamin da ke duba min furojet wata biyu kenan ya riƙe min babi na uku, kullum na je sai ya ce in dawo bayan la'asar lokacin da kowa ya watse, zuwan ƙarshe da na yi ya tura ƙofa ya riƙe min hannu wai in daina wahalar da kaina ai na san abin da yake so. Na fizge na fita. Yana turo min saƙo ta WhatsApp da daddare, wasu na goge saboda tsoron kar a gani a gida. Farkon zango an tara mu an yi mana bita kan cin zarafi da nuna bambanci har ɗan littafi aka raba, amma wlh ban yarda da kwamitin da ake kai wa ƙara ba, gani nake duk abokansa ne. Ƙawata ta ce kawai in watsa shi a Facebook. Ni kuma tsorona Baba ya ji ya ce in bar makarantar. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, Allah Ya kawo miki mafita. Kafin mu shiga zancen doka, dan Allah daga yau kar ki sake goge ko harafi ɗaya. Wayar nan ta hannunki ita ce rabin shari'arki. Ki ɗauki hoton saƙonnin yadda lambarsa da kwanan wata da lokaci za su fito, ba sunan da kika yi masa sabin da shi ba, ki tura su imel ɗinki, kuma kar ki sayar da wayar ko ki kai ta kasuwar waya ta Farm Centre a yi mata filashin, domin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya yarda a karɓi saƙon waya da rikodin a kotu amma sai an yi bayanin na'urar da abin ya fito daga ciki da takardar tabbatarwa, in asalin wayar na nan aikin lauya ya zo da sauƙi. Ki sami littafi ki rubuta ranar da ya tura ƙofar, ƙarfe nawa, wa kika fara haɗuwa da shi da kika fito, wa kika fara gaya wa. Ƙawar nan taki shaida ce, ki riƙe ta.

Amma shawararta ta Facebook kam a'a. Na sha ganin yarinya da gaskiyarta ta wayi gari ita ce a ofishin 'yan sanda tana rubuta bayani. Yana iya kai ƙarar ɓata suna a ƙarƙashin sashe na 391 da 392 na Penal Code, wato kundin dokokin laifuka na Arewa, ga sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 da masu hali suka saba jawowa, sannan nan Kano ce, muna da kundin hukunce-hukuncen Shari'a tun 2000, kalma ɗaya ta zame miki a rubutu kika jefe shi da zina, ƙazafi ne, bulala 80. Iya abin da ya faru za ki faɗa, a inda ya kamata a faɗa.

To abin da ya yi laifi ne? Laifi ne, ta fuska fiye da ɗaya. Riƙe miki hannu bayan ya rufe ƙofa, sashe na 268 na Penal Code ya yi magana a kan amfani da ƙarfi ga mace da nufin keta mata mutunci, in kuma ya yi miki barazanar kayar da ke akwai 396 da 397. Za ki ji ana ta kiran dokar VAPP ta 2015 mai hana cin zarafin mutane, ita wannan ta Abuja ce sai jiha ta karɓe ta, Kano kuwa ta daɗe ba ta karɓa ba. Haka kudirin hana lalata da ɗalibai mai ɗaurin har shekara 14 da Majalisar Dattawa ta amince da shi a Yulin 2020, bayan binciken da BBC ta fitar a 2019 kan malaman Jami'ar Legas da ta Gana, Buhari ya sauka a 2023 bai sa masa hannu ba. Ni dai ba a kan waɗannan zan ɗora ki ba.

Inda ƙarfinki yake, kuma mutane ba su cika sani ba, dokar ICPC ce ta 2000, wato hukumar yaƙi da cin hanci. Malamin jami'ar gwamnati ma'aikacin gwamnati ne, sashe na 8 ya ce wanda ya nemi wata moriya kowace iri ce domin ya yi aikin ofishinsa ya ci hanci, ba sai kuɗi ba, kuma nema kaɗai ya isa ko bai samu ba, ɗaurin shekara 7. Sashe na 19 kuma amfani da muƙami ne don biyan buƙatar kai, shekara 5 babu zaɓin tara. Ba labarin takarda nake ba ki ba, a Disambar 2018 Babbar Kotun Tarayya da ke Osogbo ta ɗaure wani farfesan Jami'ar Obafemi Awolowo shekara 2 a ƙarar da ICPC ta shigar, jami'ar ma ta riga ta kore shi, kuma abin da ya kama shi rikodin ɗin wayar da ɗalibar ta yi ne. ICPC na da ofis a Kano, takardar ƙorafi za ki rubuta ki haɗa da hujjojinki. Sai dai ba ki gaya min ba ta gwamnati ce makarantar taku ko ta kuɗi, in mai zaman kanta ce wannan hanyar ta yi rauni, sai a koma 'yan sanda da kotu.

Yanzu bitar da aka yi muku. Na san yadda take, a cika ɗakin taro, zafi, wani ya yi ta nuna rubutu a bango ana danna waya, a raba ruwan leda a tashi. Amma ɗan littafin nan da kika jefa ƙasan jaka ki nemo shi, makaranta ce da bakinta ta ce ga abin da ta haramta, ga ofishin da za a kai ƙara, ga abin da za ta yi. In kika bi hanyar da ta shimfiɗa ta yi burus da ke, laifi ya tashi daga na malami shi kaɗai ya hau kanta, kuma lauyanki zai ɗaga littafin a gaban alƙali ya haɗa da sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 mai kare mutuncin ɗan adam, da na 42 da ya hana a ware mutum saboda jinsinsa ko addini ko ƙabila ko garin da ya fito, domin ai da namiji ne ke da furojet ɗin da tuni an sa hannu a babi na ukun. Shi ya sa nake cewa ko ba ki yarda da kwamitin ba ki kai, amma a rubuce. Kar ki je ki yi kuka a ofishin shugaban sashe ki fito hannu rabbana, gobe zai ce bai tuna ba. Ki buga takarda zuwa ofishin da littafin ya ambata, kwafi ga shugaban kula da harkokin ɗalibai da rijistara, ki tsaya a buga miki hatimin karɓa da kwanan wata a naki kwafin. Ki roƙi abu uku a ciki, a canza miki mai duba furojet nan take, in kina ɗaukar kwas ɗinsa wani ne zai yi makin takardarki, kuma kar a haɗa ku ɗaki ɗaya ba tare da wani naki ba.

Zancen abokansa a kwamiti, kina da damar rubuta cewa ba ki yarda da wane ba ki faɗi dalili. Tun 1986 a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri Kotun Ƙoli ta soke korar ɗalibai saboda wanda ya jagoranci binciken yana cikin waɗanda rikicin ya shafa. Sai dai wannan adalcin shi ma malamin yana da shi a sashe na 36 na tsarin mulki, za a kira shi, za a ba shi dama ya yi miki tambayoyi, kuma ki shirya za a ce me ya kai ki ofis da yamma, me ya sa kika amsa saƙonsa da "to Malam", wani ma har shigarki zai taɓo. Babu ko ɗaya da ya halatta masa. Kwamiti iyakarsa ladabtarwa ko shawarar kora, ɗauri sai kotu, kuma kai ƙara makaranta bai hana ki zuwa ICPC ba.

Lokaci kuma yana gudu. Ƙarar neman diyya a kan hukumar gwamnati akwai doka mai kare ma'aikata da ta ba da wata 3 kacal, ita ƙarar take haƙƙin ɗan adam a ƙa'idojin kotu na 2009 ba ta da wa'adi, amma gara lauya ya gani da wuri. In babu kuɗin lauya ga FIDA ta mata lauyoyi, ga Legal Aid Council mai ba da lauya kyauta, ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, duk suna Kano. In kuma abin ya wuce riƙe hannu kunya ce ta hana ki faɗa min, ki je cibiyar Waraka mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe da ke Asibitin Murtala, maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake farawa.

Za a zo miki da sulhu, wannan tabbas ne, wani dattijo zai ce ki rufa masa asiri yana da iyali. Kar ki sa hannu a takardar janyewa ba lauya a gefenki.

Baba kuwa ba huruminmu ba ne mu lauyoyi, amma in kwamiti ya zauna magana za ta fita, gara ya ji daga bakinki da ya ji a majalisa. Ki fara da Umma ko wata gwaggo da yake jin maganarta, ki nuna musu saƙonnin da suka rage, ranar kai takardar ma ki tafi da ɗaya daga cikinsu.