Hukuncin Barin Ma'aikaci Kirista Ya Je Coci Ranar Lahadi

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ina da gidan burodi a Mabera, nan Sakkwato, kuma ba mu da ranar hutu. Cikin yarana akwai Kiristoci uku 'yan Zuru. Sun roƙi in riƙa sakin su da safiyar Lahadi su je coci, su kuma su tsare mana tanda ranar Juma'a. Yayana ya ce in na yarda na taimaka wa kafirci. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ka sake su, babu laifi a kanka. In ma da wannan sharaɗin ka ɗauke su, ko haka aka saba a sana'arku, to sakin ya zama wajibi, domin Allah Ya ce a farkon Suratul Ma'ida: "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku cika alƙawura."

Ɗaukar wanda ba Musulmi ba aiki ya tabbata a Sunna. Lokacin Hijira, Annabi (SAW) da Sayyidina Abubakar sun yi hayar Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ ya nuna musu hanya, alhali yana kan addinin Ƙuraishawa, suka damƙa masa raƙumansu da sirrin tafiyarsu. Yahudawan Khaibara kuma an bar su suna noma gonaki a kan rabin amfani. Ba a gindaya wa kowa cikinsu barin addininsa kafin ya yi aiki ba.

Na san ayar da yayanka ya dogara da ita: "kada ku taimaki juna a kan zunubi da ƙetare haddi." Kishin addini ne ya sa shi, Allah Ya saka masa, amma ya ɗora ayar inda ba muhallinta ba. Ƙwadagon yaron nan ka yi haya na wasu sa'o'i, ba ka sayi rayuwarsa ba. Idan ka sallame shi, lokacinsa ka mayar masa, abin da ya yi da shi kuwa tsakaninsa da Mahaliccinsa. Dubi abin da aka ruwaito daga Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi a ƙasar nan: Musulmin da ya auri Banasariya ba shi da ikon hana ta zuwa cocinta. To, idan miji, da duk haƙƙin da yake da shi, bai samu wannan ikon ba, ina ga ubangidan da albashi kawai ya haɗa su?

Abin da ya fi ba ni tsoro game da kai shi ne ɗaya ɓangaren. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya zalunci wanda ake zaman amana da shi, ko ya tauye masa haƙƙi, ko ya ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, Annabi (SAW) da kansa zai yi jayayya da shi ranar Alƙiyama. Mutum ya yi maka kwana bakwai a bakin wuta, ka saki 'yan'uwanka Musulmi su je Juma'a, shi kuma ka hana shi safiya ɗaya, ko ka zaftare masa kuɗi! Wallahi wannan ba abin da zai sa ya ga kyawun Musulunci ba ne. Ko dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba ma'aikaci hutun kwana ɗaya cikin bakwai, sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya kare masa addininsa. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta riga su: kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe mu ba.

Iyakarka ita ce ibadar kanta. Ba za ka shiga cikinta ba, ba za ka ba da gudummawa dominta ba. Su ma kada ka tilasta musu zama cikin addu'ar buɗe aiki, ko ka hana su cin abinci da rana a watan azumi. Ka dai ware musu wuri daga ciki.

Sai batun Juma'a, wanda ba ka tambaya ba amma dole in faɗa. Su ci gaba da kwaɓa fulawa da gashi, domin ba a barin burodi ya ƙone. Amma da zarar an yi kiran salla na biyu, a rufe wurin sayarwa har a sallame. Aya ta 9 a Suratul Jumu'a ta hana ciniki a wannan lokacin, malamanmu na Malikiyya ma sun ce ana warware cinikin da aka ƙulla da wanda Juma'a ta wajaba a kansa. Kada ka zaunar da Kirista a kanta ya riƙa sayar wa Musulmin da ya kamata a ce yana cikin sahu.

Ku rubuta tsarin a takarda, kowa ya sa hannu, har da ranakun Kirsimeti da na Salla, ka kuma nuna wa yayanka wannan amsa cikin ladabi.

Wallahu a'alam.